WA ZAI KAMA MAƘARYACI? TARIHIN DOKOKIN HANA YAƊA ƘARYA DA SHA'ANIN ZAƁE A NIJERIYA

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Haka ne, amma fa ɗan siyasa ba ruwansa da 'ya'yan, furen kaɗai ya ishe shi muddin zai kai ranar jefa ƙuri'a bai bushe ba. Shi ya sa tun da wayar hannu ta shiga aljihun talaka, kuma Facebook da WhatsApp suka zama majalisar hira, duk lokacin da zaɓe ya gabato sai a ji kiraye-kiraye cewa lallai gwamnati ta kafa doka ta toshe bakin masu yaɗa labaran ƙanzon kurege. Masu wannan kira suna da hujja, domin ƙarya ta sha jawo asarar rayuka a ƙasar nan. To amma kiran ya girmi intanet nesa ba kusa ba. Fiye da shekara ɗari ke nan ana kafa irin waɗannan dokoki a Nijeriya, don haka ya kamata mu marubuta, waɗanda alƙalami ne jarinmu, mu waiwaya mu ga wa dokokin suka kama, kuma wane zaɓe suka tsare.

Zamanin Turawa

Jarida ta riga zaɓe zuwa ƙasar nan, haka kuma dokar ladabtar da ita. A shekarar 1903 Turawan mulkin mallaka suka kafa dokar jaridu a Ikko, wadda ta tilasta wa duk mai son buga jarida ya yi rajista, ya kuma kawo masu tsaya masa. A 1908 Herbert Macaulay ya wallafa wata 'yar ƙasida yana zargin gwamnatin Gwamna Egerton da almundahana a harkar jirgin ƙasa. Ba a daɗe ba, a 1909, sai ga dokar hana tunzura jama'a su ƙi gwamnati. Ke nan tun ran gini tun ran zane, dokar ta fito ne don kare mai mulki daga alƙalamin wanda ake mulka.

An fara zaɓen wakilai a Ikko da Kalaba a 1923, kuma jam'iyyar Macaulay, wato NNDP, ita ta cinye kujerun Ikko. A 1928 jaridarsa ta buga ji-ta-ji-tar cewa ana shirin tayar da motar da za ta ɗauko sarkin Ikko, Eleko, da nakiya. Aka kai shi kotu, aka ɗaure shi wata shida. A nan ya kamata mai karatu ya lura da cewa labarin ba shi da tushe, kuma irinsa na iya tayar da gari. Ashe dai ba kullum ne wanda doka ta kama yake da gaskiya ba. Abin da ya ɓata lamarin shi ne, mai ƙara da mai doka da mai gidan kurkuku duk mutum ɗaya ne.

A Arewa kuwa wata dabara aka gwada, wadda ta shafe mu kai tsaye. Dab da yaƙin duniya na biyu, raɗe-raɗi ya cika kasuwanni cewa Ingilishi za su miƙa Nijeriya ga Jamusawa. Ba yadda za a yi a kama kowane mai hira a gindin bishiya. Kashe irin wannan raɗe-raɗi yana daga cikin dalilan da suka sa a watan Janairu na 1939 aka fito da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, ƙarƙashin kulawar Dokta R. M. East, Malam Abubakar Imam kuma shi ne edita. Babu shakka jaridar hukuma ce, kuma tana da muradin hukuma a cikinta. Duk da haka ta yi abin da sandar ɗan doka ba ta iya yi ba: ta yi wa mutane magana da harshensu, da Hausa mai daɗi, ta kuma buɗe shafi suna aiko da wasiƙu ana ba su amsa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa goma da ba su iya ba. Mu riƙe wannan misali, za mu dawo gare shi.

Jamhuriya ta Farko

Da siyasar jam'iyyu ta kankama a shekarun 1950, waƙa da lacca su ne jaridar talakan Arewa. Mawaƙan NEPU irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja suna yi, na NPC suna mayar da martani, kowane ɓangare yana jifan ɗaya da abin da ya samu, wani gaskiya, wani ƙage. Sai dai kotunan En'e suna hannun sarakuna, sarakuna kuwa galibinsu suna tare da NPC. Saboda haka laifin zagi ko yin lacca ba izini ya fi faɗawa kan 'yan NEPU. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri sau da dama a wannan zamani.

Bayan samun mulkin kai ma ba a jefar da bulalar Bature ba, hannu kawai ta sauya. A 1961 aka sami Dokta Chike Obi, masanin lissafi kuma ɗan majalisa, da laifin tunzura jama'a saboda wata ƙasida da ya raba yana sukar gwamnati. Sa'an nan a 1964, ana saura 'yan watanni a yi babban zaɓen tarayya, majalisa ta yi wa dokar jaridu gyara. Gyaran ya ce duk wanda ya buga labari ko ji-ta-ji-tar da ya san ƙarya ce, ko yake da dalilin sanin haka, za a ci shi tarar fam 200 ko ɗaurin shekara guda. Wannan ita ce kakar duk wasu dokokin da ake neman kafa wa kafofin sada zumunta a yau.

To, ta tsare zaɓen? Zaɓen 30 ga Disamba 1964 ya zo cikin rikici, har ƙawancen UPGA ya ƙaurace masa a wurare da yawa. Na Jihar Yamma da aka yi a Oktoba 1965 ya fi muni. Gidajen rediyo suka riƙa ba da sakamako iri biyu, kowanne gwargwadon gwamnatin da ke riƙe da shi, jama'a suka rasa na kamawa. A cikin wannan yamutsi ne aka gurfanar da marubuci Wole Soyinka bisa zargin ya kutsa gidan rediyon Ibadan ya sauya faifan jawabin Firimiya Akintola, kotu kuma ta sallame shi. Ƙone-ƙone suka biyo baya, har zuwa juyin mulkin 15 ga Janairu 1966. Babbar ƙaryar da ta rusa wancan zaɓe daga wajen masu ƙidayar ƙuri'a ta fito, dokar 1964 kuwa ba ta da hannun da zai kai can.

Marubucin da Ya Kayar da Doka

A Jamhuriya ta Biyu an yi wata shari'a da ya dace kowane ɗan ƙungiyar marubuta ya san da ita. Arthur Nwankwo, marubuci kuma mai kamfanin ɗab'i na Fourth Dimension a Inugu, ya wallafa littafi a 1982 yana caccakar mulkin Gwamna Jim Nwobodo na Jihar Anambra. Aka tuhume shi da tunzura jama'a, babbar kotu ta yanke masa ɗaurin wata 12. Ya ɗaukaka ƙara. A 1983, shekarar zaɓe, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta wanke shi, ta kuma bayyana cewa wannan doka ta gadon Turawa ta saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki da tsarin mulkin 1979 ya bayar. Alƙalan suka nuna cewa mai riƙe da muƙami idan ya ga an ɓata masa suna, hanya a buɗe take ya kai ƙara kamar kowa, ba ya ɗauki ƙarfin hukuma ya murƙushe mai sukarsa ba.

Doka Mai Lamba 4

Murna ba ta daɗe ba. Soja suka karɓi mulki a ƙarshen Disamba 1983, kuma a 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta fito da Doka Mai Lamba 4, wadda aka ce don kare ma'aikatan gwamnati daga ƙage aka yi ta. Dokar ta haramta buga labarin ƙarya, ta kuma haɗa da duk labarin da zai jawo wa gwamnati ko jami'inta raini ko zubar da mutunci. Kotu ta musamman ce ke shari'ar, alƙali ɗaya da hafsoshin soja uku, babu ɗaukaka ƙara, kuma wanda ake tuhuma shi zai tabbatar da gaskiyar abin da ya rubuta.

'Yan jarida biyu na jaridar The Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor, su suka ɗanɗana kuɗarta. Laifinsu shi ne sun buga labarin waɗanda za a naɗa jakadu kafin gwamnati ta sanar. A watan Yuli 1984 aka ɗaure kowannensu shekara guda, aka ci jaridar tarar naira 50,000. Janar Babangida ya soke dokar da ya hau mulki a Agusta 1985, aka yi ta tafi. Amma gwamnatinsa ce ta soke zaɓen 12 ga Yuni 1993 bayan an dakatar da bayyana sakamako, ta kuma rufe gidajen jaridu da dama. A zamanin Janar Abacha kuwa, a 1995, 'yan jarida huɗu aka ɗaure bisa zargin hannu a yunƙurin juyin mulki saboda abin da suka rubuta. A waɗannan shekaru, da aka toshe bakin jarida, sai rediyon baka ya ci kasuwarsa, domin in aka hana ruwa bin kwata, cikin gida zai shiga.

Da Waya Ta Shigo

Zuwan wayar hannu a 2001 ya sauya komai. A da mai son yaɗa ƙarya sai ya nemi injin ɗab'i ko gidan rediyo, hukuma kuma ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Yanzu kowa edita ne. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na 16 ga Afrilu 2011 rikici ya ɓarke a jihohin Arewa, inda ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta an kashe fiye da mutum 800 cikin kwana uku. Saƙonnin waya masu ɗauke da ji-ta-ji-ta suna cikin abubuwan da suka rura wutar.

A zaɓen 2015 sai ga baƙin hannu daga ƙetare. An gano daga baya, a 2018, cewa wani attajiri mai goyon bayan Shugaba Jonathan ya ɗauki hayar kamfanin Cambridge Analytica na Ingila, kuma an shirya wani faifan bidiyo mai cike da hotunan yanka da jini don a tsorata masu zaɓe da Buhari. A Yuni 2018, lokacin rikicin Jihar Filato, an yaɗa hotunan gawarwaki a Facebook ana cewa daga gundumar Gashish suke, alhali wasunsu ba ma a Nijeriya aka ɗauke su ba. Binciken da BBC ta yi ya nuna an tare hanya an kashe matafiya 11 a matsayin ramuwa, ya kuma gano cewa a lokacin mutum huɗu kacal ke aikin tantance labarai na cikakken lokaci wa Facebook a ƙasar da ke da masu amfani da shi miliyan 24, kuma ba ko ɗaya cikinsu da ke jin Hausa.

A shekarar ce kuma aka baza cewa Shugaba Buhari ya rasu, wai an kawo wani Jibrin daga Sudan ya maye gurbinsa. Maganar ta yi ƙarfin da sai da shugaban ya fito da bakinsa ya ƙaryata ta a ƙasar Poland a Disamba 2018. A Mayu 2019 Facebook ya rufe shafuka da asusu 265 masu alaƙa da wani kamfanin Isra'ila mai suna Archimedes Group, waɗanda ke shigar burtu suna tsoma baki a siyasar Nijeriya da Nijar da Senegal da wasu ƙasashe. A gida kuwa, sojojin baka da muka sani a gidajen rediyon Kano sun sami 'yan'uwa a WhatsApp da Facebook, kuma dab da zaɓen 2023 wani binciken BBC ya nuna yadda jam'iyyu ke biyan masu tarin mabiya a asirce don su yaɗa ƙage a kan abokan hamayya. Duk wanda ya ce cutar ba ta kai a nemi magani ba, bai faɗi gaskiya ba.

Maganin da Aka Kawo

A Mayu 2015 Shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar laifuffukan intanet. An yi ta ne musamman don 'yan damfara, amma sashe na 24 ya tanadi ɗaurin shekara uku ko tarar naira miliyan 7 ga wanda ya aika saƙon ƙarya don ya ɓata wa wani rai, ko ya dame shi, ko ya ci masa mutunci. Wane rubutun suka ne ba ya ɓata wa wanda aka soka rai? Nan da nan sashen ya zama sandar da masu iko ke kama 'yan jarida da matasa masu rubutu a Facebook da ita. Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a 2020, ta sake a 2022, cewa sashen ya tauye 'yancin magana. Sai a Fabrairu 2024 aka rage masa faɗi.

Majalisar Dattawa ma ta yi nata ƙoƙarin. A ƙarshen 2015 Sanata Bala Ibn Na'Allah ya kawo ƙudurin da ya tanadi ɗaurin shekara biyu kan saƙon ɓatanci ta waya ko WhatsApp, jama'a suka yi ca, aka janye shi a Mayu 2016. A Nuwamba 2019 Sanata Mohammed Sani Musa ya kawo wani, wanda ya yi kama ƙwarai da dokar da Singafo ta kafa a shekarar. Ya tanadi tarar naira 300,000 ko ɗaurin shekara uku, ya kuma ba 'yan sanda ikon su ce labari ƙarya ne, har su sa a toshe shafin da ya ɗauke shi. A zaman jin ra'ayin jama'a na Maris 2020 mafi yawan waɗanda suka yi magana sun ƙi shi, daga nan ya kwanta. A daidai wannan lokaci Sanata Aliyu Sabi Abdullahi ya kawo na kalaman ƙiyayya, wanda har hukuncin rataya ya ambata, shi ma bai kai labari ba.

Sa'an nan a farkon Yuni 2021 kamfanin Twitter ya goge wani saƙo na Shugaba Buhari. Bayan kwana biyu Ministan Yaɗa Labarai, Lai Mohammed, ya sanar da dakatar da Twitter a Nijeriya, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairu 2022, bayan kwana 222. A Yuli 2022 kotun ECOWAS ta ce rufewar ta saɓa wa doka. Maƙwabtanmu na Nijar su ma sun ga irin haka, inda aka katse intanet na waya kimanin kwana goma bayan zagaye na biyu na zaɓen Fabrairu 2021.

Me Tarihi Ya Nuna?

Idan mai karatu ya jera waɗannan abubuwa tun daga 1909, zai ga zare ɗaya ya ratsa su. Duk dokar da ta ba mai riƙe da mulki ikon ya ce wannan gaskiya ne, wancan ƙarya ne, ta ƙare a wuyan mai sukarsa. A sha'anin zaɓe abin ya fi haɗari, domin gwamnati mai ci ita ma 'yar takara ce, kura kuwa ba a ba ta ajiyar nama. Ko a wasu ƙasashe haka abin yake. Maleshiya ta kafa dokar labaran ƙarya a Afrilu 2018, makonni kaɗan kafin zaɓe, aka fara binciken jagoran 'yan hamayya Mahathir Mohamad da ita. Shi ya ci zaɓen, aka soke dokar a 2019.

Wannan ba ya nufin a naɗe hannu. Akwai dokar da ta san iyakarta. Dokar Zaɓe ta 2022 ta tanadi ɗaurin wata 36 ga wanda ya bayyana sakamakon zaɓe alhali ya san na ƙarya ne. Wannan laifi ne ƙayyadadde, ana iya auna shi da takardar sakamako. Faransa kuma a Disamba 2018 ta kafa dokar da ke aiki a watanni uku na kafin zaɓe kawai, kuma alƙali ne, ba minista ba, ke yanke hukunci cikin awa 48 ko a cire labari ko a bar shi. Ma'aunin dai uku ne: a fayyace laifin sarai, a bar hukunci a hannun kotun da ake iya ɗaukaka ƙararta, a kuma sa dokar ta hau kan jam'iyya mai mulki da masu ɗaukar nauyin sojojin baka kamar yadda za ta hau kan yaron da ya tura saƙo. Haka nan kamfanonin da ke cin riba da hirarmu, wajibi ne a matsa musu su ɗauki masu jin harsunanmu, su kuma bayyana wanda ya biya kuɗin kowace tallar siyasa.

Har ila yau tarihi ya nuna cewa ƙarya tana samun gindin zama ne inda gaskiya ta makara. Doguwar jinyar da shugaban ƙasa ya yi a Landan a 2017 ba tare da cikakken bayani ba ita ta share wa labarin Jibrin fage. A zaɓen 25 ga Fabrairu 2023, da hukumar INEC ta kasa ɗora sakamakon zaɓen shugaban ƙasa daga rumfuna a shafinta na intanet kan lokaci kamar yadda ta yi alkawari, sai kowa ya shiga rubuta nasa sakamakon, tamkar dai rediyoyin 1965. In bango bai tsage ba, ƙadangare ba ya samun wurin shiga.

Kammalawa

A nan ne aikin ya faɗo kanmu. Tun 2018 aka sami ƙungiyoyin bin diddigin labarai irin su Dubawa, amma yawancin aikin da Turanci ake fara yin sa, ita kuwa ƙaryar da ke kashe mutane a garuruwanmu da Hausa take yawo, sau da yawa ma a saƙon murya. Mu kuwa muna da gado biyu. Na farko shi ne na malamanmu, waɗanda ba su karɓar ruwaya sai sun san wa ya faɗa, daga wa ya ji, kuma aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta umarce mu da bin diddigin labari kafin mu cutar da wasu cikin rashin sani. Na biyu shi ne na Abubakar Imam, wanda ya nuna cewa gaskiya in aka rubuta ta da daɗi, mutane za su sa kuɗinsu su saya.

Saboda haka ɗan'uwa marubuci, musamman mai tasowa, duk ranar da aka sake kawo ƙudurin doka irin wannan, nemi kwafinsa ka karanta da kanka, ka duba hannun wa aka danƙa wa wuƙar, domin dokar da ta kama Nwankwo da Thompson da Irabor ba ta tambayi ko su 'yan jarida ne ko masu ƙagaggen labari ba. Kafin nan kuma, kada ka tura abin da ba ka san asalinsa ba, ko da ya yi wa jam'iyyarka daɗi, kada kuma ka sayar da alƙalaminka ga mai neman a ƙaga masa labari a kan abokin takararsa. Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya da karɓarta, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.